Kafin Ka Danna "Tura": Abin Da Doka Ta Ce Game Da Wayarka

A watan Nuwamba na 2022, wata kotun majistare a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu hukunci kan wani bidiyon barkwanci da suka ɗora a TikTok, wanda kotun ta ce ya ɓata sunan gwamnan jihar na lokacin, Abdullahi Umar Ganduje. An yi wa kowannensu bulala 20, an ci su tara, an kuma umarce su da share harabar kotun na tsawon kwana 30. Su a ganinsu wasa suke yi. A idon doka kuwa laifi ne.

Yawancin ɗalibai a yau suna da waya, ko suna aron ta iyaye ko ta yayyensu. To, me doka ta ce game da abin da kuke rubutawa da turawa?

Tsarin mulkin Najeriya na 1999, a sashe na 39, ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin faɗin albarkacin bakinsa. Amma sashe na 45 ya yarda a yi dokokin da za su taƙaita wannan 'yanci domin kare zaman lafiya da haƙƙin sauran jama'a. Ɗaya daga cikinsu ita ce dokar yaƙi da laifukan intanet ta 2015. Sashe na 24 na dokar ya tanadi tarar da za ta iya kaiwa naira miliyan 7, ko ɗaurin da bai wuce shekara 3 ba, ko duka biyun.

Wannan sashe ya daɗe yana shan suka. Lauyoyi da 'yan jarida sun yi ta ƙorafin cewa kalmominsa sun yi faɗi, har saƙon da ya ɓata wa wani rai kawai zai iya zama laifi. Kotun ECOWAS ma ta yanke hukunci cewa ya saɓa wa 'yancin faɗin ra'ayi. A watan Fabrairu na 2024, Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan gyaran dokar. Yanzu sashen ya fi mayar da hankali kan abu biyu: tura saƙon batsa, da tura labarin da mutum ya san ƙarya ne domin tayar da fitina ko jefa rayuwar wani cikin haɗari.

Sai dai kada ku ɗauka gyaran ya buɗe ƙofar zagi. Ɓata suna har yanzu laifi ne a ƙarƙashin dokar Penal Code da ake aiki da ita a Arewa, kuma wanda aka ɓata wa suna yana iya kai ƙara ya nemi diyya. Tsoratar da mutum da kisa ko duka ta waya shi ma laifi ne mai hukunci mai tsanani.

Ina iyakar take? Ka ce titin unguwarku ya lalace kuma hukuma ta yi sakaci, wannan ra'ayi ne, kuma haƙƙinka ne. Ka ce wane ɓarawo ne ba tare da hujja ba, nan ka shiga gonar doka. Haka hoton abokiyar karatu da aka sauya don a kunyata ta a zauren WhatsApp na aji. Cewa "ni ma turo min aka yi" ba lallai ya cece ka ba, domin wanda ya yaɗa ya sa hannu a cikin ɓarnar.

Hausawa sun ce magana zarar bunu ce. Ko ka goge saƙo, wani ya riga ya ɗauki hotonsa. Don haka kafin ka danna, tambayi kanka: gaskiya ne? Kuma zan iya maimaita shi a gaban alƙali?