Maganaɗisu A Cikin Injin Lantarki

A injin lantarki mai maganaɗisu, naɗin wayar jan ƙarfe yana manne a bangon injin, maganaɗisu kuma yana kan sandar da ke juyawa. Wuta na ratsa naɗin bi da bi, maganaɗisun yana bin ta. Da yake ƙarfinsa nasa ne, ba wuta ke ba shi ba, injin ba ya cin batir sosai.

Maganaɗisu mafi ƙarfi shi ne na niyodimiyam, wanda Sumitomo ta Japan da General Motors suka samar a shekarun 1980. Sai dai ba ya jure zafi, shi ya sa ake gauraya shi da disfurosiyam mai ɗan karen tsada. A motar Prius kuwa, Toyota binne shi ta yi cikin ƙarfen da ke juyawa, kada gudu ya cilla shi waje.