Koya wa Yaro Tsuguno Ba da Fo Ba

Jama'a, ku dubi kalmar nan da muke faɗi kullum, watau "bayan gida". A ƙauye, da can, haka abin yake. Mutum ya ɗauki buta, ya zaga bayan danga, ya shiga gona. Yaro kuwa duk inda ta kama shi nan zai tsuguna. Amma ku je Ƙofar Marusa, ɗaya daga cikin tsofaffin ƙofofin ganuwar birnin Katsina, ku ga yadda gidaje suke. Katanga ta jingina da katanga. A can, bayan gidanka shi ne ƙofar gidan maƙwabcinka. Saboda haka tilas uwa ta nuna wa ɗanta wuri guda tun yana ƙarami. Ƙauyukanmu ma yanzu sun cika da mutane. Abin da ya tilasta wa na birni ya iso gare mu.

Waɗansu suna tsammani sai an sayo fo na roba a kasuwa kafin a fara. Ba haka ba ne. Kakanninmu sun reni 'ya'ya, ba su san fo ba, ba su san famfas ba. Ƙafafunsu ne kayan aikinsu.

Ga yadda ake yi. Uwa ta zauna a kan 'yar kujerar tsuguno. Ta miƙe ƙafafunta, ta bar ɗan fili a tsakaninsu. A filin nan ta shimfiɗa tsohuwar takarda ko ganye, ko ta barbaɗa yashi. Sa'an nan ta ɗora yaro a kan ƙafafun, yana fuskantarta, ta riƙe hannuwansa. Ta riƙa yi masa "sss, sss" a hankali. Kullum wuri ɗaya, kullum murya ɗaya. In ya yi, ta yi masa dariya, ta yabe shi. In bai yi ba, ta sauke shi, sai an jima.

Wane lokaci ya fi kyau? Da ya farka daga barci, da kuma bayan ya sha nono ko koko. Gama da abinci ya shiga ciki, hanji yakan motsa. Mai goyo kuwa ba ta bukatar agogo. In yaro ya fara mutsu-mutsu, ko ya yi tsit yana nishi, bayanta zai gaya mata.

Ba mu kaɗai muke da wannan dabara ba. A shekarar 1977 waɗansu masu bincike suka rubuta labarin mutanen Digo, waɗanda ke zaune a bakin teku a ƙasar Kenya. Su ma a kan ƙafa suke ɗora jariri, tun yana da 'yan makonni. Kafin ya cika wata shida ya san abin da ake nufi.

Amma fa mu gane abu guda. A wannan lokaci uwa ce ke lura, ba yaro ke riƙewa ba. Yawancin yara ba su iya riƙe fitsari da kashi da kansu sai tsakanin shekara ɗaya da rabi zuwa uku. Alamar da za ku gani ita ce: yana tsugunawa ya tashi ba a kama shi ba, yana yin kamar awa biyu bai jiƙa wando ba, yana jan zanen uwarsa yana cewa "kashi", ko ya ɓuya bayan ƙyaure in zai yi. To, lokacin sauka daga ƙafa ya yi. Bazara ta fi sauƙi, don yaro yana yawo ba kaya da yawa. Kada kuma a haɗa masa da makon yaye. An raba shi da nono, watakila an kai shi gidan kaka, wahala ɗaya ta ishe shi.

Da farko a tsugunar da shi a ƙasa kusa da ƙofar masai, a kan takarda ko yashi. Bayan 'yan kwanaki a shiga da shi ciki. Nan ne aiki yake, gama yaro yana tsoron ramin. Kuma yana da gaskiya. Rami ne mai duhu, ga kyankyasai, ga wari. Bakin da aka yi don babba ya yi wa ƙaramin yaro faɗi, ƙafarsa tana iya zurmawa. Wannan aikin maigida ne. Ya samo katako mai ƙarfi, ya huda ƙaramin rami a tsakiya, a riƙa ɗorawa a kan bakin masai in yaro zai shiga. Ya kuma duba daɓen, musamman da damina, don azara takan ruɓe daga ƙarƙashi ba a sani ba. A bar ƙofa a buɗe haske ya shiga. A sa wa yaro takalmi, domin akwai tsutsar ciki da ke shiga ta tafin ƙafa, ta riƙa shan jini har yaro ya ɗashe. Kada a bar shi ya shiga shi kaɗai. In yana da wa ko ya, su fara tsugunawa yana kallo. Yaro ya fi koyo da ido.

Ban da duka. Yaron da aka doka don ya ɓata wando, riƙewa zai koya. Kashin ya taurare, ya yi masa zafi wajen fita, tsoro ya ƙaru. Fitsarin kwance kuwa, kafin shekara biyar ba laifi ba ne, ba kuma ƙiwuya ba ce. Masu tara yaran unguwa su yi masa waƙar tsiya, kunya kawai suke ba shi. Gara a tsugunar da shi kafin ya kwanta.

Saura babbar magana. Mun saba ji ana cewa kashin yaro ba kome ba ne, ai nono ne. Sai a share shi zuwa gindin katanga, ko a watsa a kwata, ko a bar wa kaji. Wannan kuskure ne mai kisa. Yara su suka fi yin zawo, saboda haka kashinsu cike yake da ƙwayoyin cuta. Ƙuda ya sauka a kai, ya tashi ya sauka a kan tuwo. Ƙanensa mai rarrafe ya dafa wurin, ya kai hannu baki. Ruwan sama ya kwashe sauran ya kai rijiya. Ta wannan hanya zawo ke yawo, da taifot, da shan inna, da kwalara. A shekarar 2021 kwalara ta kashe mutum fiye da 3,000 a Nijeriya, Jihar Katsina tana cikin inda ta taɓa. Ana kuwa iya toshe hanyar. A 2022 aka bayyana maƙwabciyarmu Jigawa a matsayin jiha ta farko da ta daina bayan gida a fili.

To, da yaro ya gama, a naɗe takardar ko a kwashe yashin, a zuba cikin masai, a rufe da murfi. Ruwan da aka wanke masa jiki da shi, da na wankin wandonsa, su ma can za su. In kuna gona, babu masai, a haƙa rami da fartanya a binne. Sa'an nan uwa ta wanke hannu da sabulu, ta wanke na yaron. In babu sabulu, toka ta murhu ta fi ruwa zalla. A ajiye buta da sabulun a ƙofar masai, inda hannun yaro zai kai. Wanda kuma zai haƙa sabon masai, ya nisanta shi da rijiya kamar mita 30, watau wajen taku arba'in na babban mutum.