Tsakanin ƙugiya da kaya: sarƙar da ba a tambayar takardarta

Duk ma'aikacin da ya daɗe a Abuja ya taɓa ganin ranar da aka kawo sabon janareto ko taransifoma harabar ma'aikatarsu. Motar ƙugiya ta iso, a janye motocin manya, jama'a su leƙo ta taga suna kallo. Idon kowa yana kan injin. Ba safai ake duba abin da ke tsakanin bakin ƙugiyar da kayan ba: sarƙa, igiyar waya, ɗamarar zare, marin ƙarfe, da sandar da ke raba nauyi. Alhali su ne ke riƙe da kayan, kuma su ake ja a ƙasa, a bari cikin ruwan sama, a jefa bayan mota.

Mutane na tuna faɗuwar ƙugiya a Masallacin Harami ranar 11 ga Satumba, 2015, wadda ta kashe sama da mutum 100. Can injin ne ya kife cikin guguwa. Tsinkewar sarƙa kuwa ba ta buƙatar iska, kuma ba ta kai ga labarun duniya.

Doka ba ta yi shiru ba. Dokar Masana'antu ta 1987, wadda ke cikin kundin dokokin tarayya na 2004, ta ce a binciki sarƙoƙi da igiyoyin ɗaga kaya aƙalla sau ɗaya cikin kowane wata 6. A 2018 Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ta ƙara fitar da ƙa'idoji na musamman kan kayan ɗaga nauyi. Wa'adin wata 6 ɗin nan shi ne kuma a ƙa'idar Birtaniya ta 1998.

Bincike daban, gwajin nauyi daban. Mai bincike yana bin sarƙa gaɓa-gaɓa, yana neman tsagewa, lanƙwasa ko miƙewa. A ƙa'idar da aka fi bi, gaɓar da ta cinye da kashi 10 cikin 100 na kaurinta ta gama aiki. Igiyar waya da ta murɗe ko zarenta suka fara tsinkewa, haka. Bakin ƙugiya da ya buɗe ba a bubbuga shi a mayar. Walda a gefen titi kuwa ɓoye ciwo ne kawai, domin zafin wuta yana rage ƙarfin ƙarfen da aka tace. Gwajin nauyi shi ne a ɗora wa abin fiye da iyakar da aka rubuta masa, a wurin da aka killace. A ƙa'idar Amurka, sandar raba nauyi da makamantanta ana gwada su da kashi 125 cikin 100: mai tan 8 ta ɗauki tan 10, kafin fara aiki da bayan babban gyara. Sau da yawa da manyan jakunkunan ruwa ake yi, saboda ana iya ƙara nauyin a hankali.

Akwai kuma lissafin da ke yaudarar ko da tsofaffin hannu. Janareto mai tan 4 da aka rataye da igiya biyu a tsaye, kowace tana ɗauke da tan 2. In aka buɗe tsakaninsu ya kai digiri 120, kowace ɗaya tana jan tan 4 cif. Kayan bai ƙara nauyi ba, gajartar igiya ce ta jawo. Ɗamarar zare ma tana faɗar iyakarta da launi: shunayya tan 1, kore tan 2, rawaya tan 3. Amma in tambarinta ya goge, launi ba hujja ba ne.

Ina ruwan mai ɗaukar fayil da wannan? Ta teburinsa kwangilar ke bi. Galibi ana neman takardun kamfani da na haraji, a manta da na kayan aiki. Ga kuma Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda asusun NSITF ke gudanarwa. Tana biya ne bayan an ji ciwo. Jami'in da ke kula da aiki yana da ikon neman takardar binciken kowace sarƙa da mari, ya duba kwanan wata, ya gwada lambar da ke takardar da wadda aka buga a jikin ƙarfen. In suka saɓa, takardar ta wata sarƙar ce.