Daga Dutsen Kwatarkwashi Zuwa Duwatsun Wuta na Indonesiya

Duk wanda ya taso daga Gusau ya nufi Tsafe ba sai an nuna masa Dutsen Kwatarkwashi ba. Tun daga nesa zai hango shi ya tokare sama, gari na kwance a gindinsa, cikin ƙaramar hukumar Bunguɗu. Dattawa na ba da labarin zamanin da ake ɗaukarsa mazaunin iskoki, ana tsafin Magiro, samari na hawa kamun maiki. Musulunci ya ture wannan. Shi kuwa dutsen ko tari bai taɓa yi ba, domin tun a ƙarƙashin ƙasa ya daskare shekaru miliyoyi da suka wuce, ruwa da iska suka yi ta zaizaye abin da ya rufe shi har ya bayyana.

To akwai ƙasar da duwatsunta ke tari har da aman wuta, wato Indonesiya. Alhazanmu sun san mutanenta a Makka, kuma zanen atamfar da matanmu ke ɗaurawa daga rinin tsibirin Jawa Turawan Holan suka kwaikwayo shi. Ƙasa ce ta tsibirai fiye da 17,000, da duwatsu masu rai wajen 130. Ɓawon ƙasa faifai-faifai ne, a can kuma wani faifan yana kutsawa ƙarƙashin wani, dutse ya narke, narkakken ya nemi mafita. Da dutsen Tambora ya fashe a 1815, tokarsa ta dusashe rana har amfanin gona ya lalace a Turai shekarar da ta biyo. Dutsen Krakatau kuwa a 1883 ya ci rayuka fiye da 36,000, akasarinsu ambaliyar teku ce ta cinye su.

Mai karatu zai ce, me ya zaunar da su a bakin wuta? Manomi ba zai yi wannan tambaya ba. Tokar nan taki ce. Ita ta sa Jawa ke ɗauke da fiye da rabin al'ummar ƙasar, ana girbin shinkafa sau biyu ko uku a shekara.

Yawancin mutanen ƙasar Musulmi ne, amma tsibirin Bali na mabiya addinin Hindu ne, kuma babban wurin ibadarsu, Besakih, a jikin dutsen Agung aka gina shi, dutsen da ya kashe sama da mutum 1,000 a 1963. A gabashin Jawa, ƙabilar Tengger na hawa dutsen Bromo duk shekara a bikin Kasada, su tsaya a bakin ramin hayaƙi na tashi, suna jefa shinkafa da kayan lambu da kaji da kuɗi. Abin dariya, wasu talakawa na laɓe a gangaren ramin da raga a hannu, suna cafke sadakar kafin ta kai ƙasa. Ranar Nyepi, sabuwar shekarar Bali, ba a kunna wuta, ba a fita titi, hatta filin jirgin sama rufe shi ake yi kwana guda cur.

Namun dajinsu ma abin kallo ne. A tsibirin Komodo akwai ɗan'uwan damo, sai dai shi bai gaji haƙuri ba: tsawonsa na kai mita 3, yana kayar da barewa, har ɓauna yake kai wa cizo.

Baƙi fiye da miliyan 6 suka shiga Bali daga ƙasashen waje a 2019, alhali Agung bai jima da yin aman toka ba. Namu dutsen ba ya ƙona kowa, amma mai son hawansa yau sai ya fara tambayar direbobi lafiyar hanya.