Wasa da Jariri Ba Ɓata Lokaci Ba Ne: Darasi Daga Jamaika

Masu iya magana na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wani bincike da aka fara a birnin Kingston na ƙasar Jamaika a shekarar 1986 ya nuna cewa wannan magana tana da tushe a ilmin kimiyya.

Matsalar Tsumburewa

Yaron da bai sami isasshen abinci mai gina jiki ba a shekarunsa biyu na farko yakan tsumbure, wato tsawonsa ya gaza na tsararrakinsa. Amma illar ba ta tsaya ga jiki ba. Ƙwaƙwalwar jariri sabon haihuwa ba ta wuce kashi ɗaya cikin huɗu na ta baligi ba, amma kafin ya cika shekara biyu takan kai kusan kashi uku cikin huɗu. A wannan lokaci ne ƙwayoyin jijiyar ƙwaƙwalwa suke ƙulla mahaɗai a tsakaninsu. Mahaɗin da ake yawan amfani da shi yakan ƙarfafa, wanda aka bari kuwa sai ya shuɗe. Shi ko yaro mai tamowa ba shi da kuzari: ba ya yawan rarrafe ko gwalantu, don haka manya ma ba su cika tanka masa ba. Ga yunwar ciki, ga kuma ƙarancin abin da zai motsa ƙwaƙwalwa.

Yadda Aka Gudanar da Shirin

Sally Grantham-McGregor da abokan aikinta na Jami'ar West Indies sun zaɓi tsumburarrun yara 129, 'yan wata 9 zuwa 24, daga unguwannin talakawa, suka kasa su kashi huɗu. Kashi na farko an riƙa ba su kilo ɗaya na garin madara kowane mako. Na biyu ma'aikaciyar lafiya ta unguwa ta riƙa ziyartarsu sa'a guda a mako, tana koya wa uwa yadda za ta yi wasa da ɗanta, ta yi masa hira, ta faɗa masa sunayen abubuwa, ta kuma yabe shi in ya yi ƙoƙari. Kayan wasan ma daga tarkacen gida ake haɗa su. Kashi na uku sun sami duka biyun, na huɗu kuwa kulawar lafiya kaɗai. An yi shekara biyu ana haka.

Abin da Aka Gano

A ƙarshen shirin, madara da wasa duk sun yi amfani, kuma waɗanda suka haɗa biyun sun kusa kamo yaran da ba su tsumbure ba. Amma da tafiya ta yi nisa sai tasirin madarar ya dusashe, wataƙila saboda ana raba ta da sauran 'yan gida. Tasirin wasan kuwa ya ɗore. Bayan shekara 20 aka sake bibiyar yaran, kuma sakamakon da mujallar Science ta buga a 2014 ya nuna cewa abin da waɗanda aka yi wa ziyarar wasa suke samu a wurin aiki ya ɗara na waɗanda ba a yi wa ziyarar wasan ba da kashi 25 cikin ɗari. Har ila yau, ba su cika shiga mummunan faɗa ba. Daga baya ƙasashe irin su Bangladesh da Kolombiya sun gwada wannan tsari.

Kammalawa

Binciken lafiyar al'umma na Nijeriya na 2018 ya gano cewa kashi 57 cikin ɗari na yara 'yan ƙasa da shekara biyar a Arewa maso Yamma sun tsumbure. Babu shakka wasa ba ya maye gurbin nonon uwa da abinci mai gina jiki da allurar rigakafi, amma shi ba ya bukatar kuɗi. Ɗalibar da ta goya ƙanenta tana yi masa waƙa da hira, da ɗalibin da ya haɗa wa ƙanwarsa motar kara, su sani ƙwaƙwalwa suke ginawa. Ya kamata malamai su riƙa jawo hankalin ɗalibai da iyaye ga wannan aiki.