Yawan Jama'a a Gwarzo da Kabo: Mutane na Ƙaruwa, Gona na Tsukewa

Ƙidayar da aka yi a watan Maris na 2006 ta samu mutum kimanin 184,000 a ƙaramar hukumar Gwarzo, da kimanin 153,000 a maƙwabciyarta Kabo, daga cikin miliyan 9.4 na Jihar Kano baki ɗaya. Faɗin Gwarzo murabba'in kilomita 393 ne, na Kabo kuwa 341. Ke nan kowane murabba'in kilomita yana ɗauke da mutum kimanin 450, ninki uku na matsakaicin cunkoson Najeriya a wancan lokaci, alhali yankin karkara ne da galibin mutanensa manoma ne.

Don a ga nauyin abin, ƙasar El Salbado, wadda ta fi kowace cunkoso a Amurka ta Tsakiya, faɗinta bai wuce na Jihar Kano da wani abin kirki ba, kuma mutanenta kimanin miliyan 6 ne. A can haihuwa ta ragu ƙwarai, ga ɗimbin jama'a sun ƙaura zuwa Amurka. A nan kuwa haihuwa ce ke jan ragamar lissafi. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna cewa mace a Arewa maso Yamma takan haifi 'ya'ya 6.6 a matsakaici, a ƙasa baki ɗaya kuma 5.3. Auren wuri na daga cikin dalilai. Mutuwar ƙananan yara ma na ciki: binciken ya samu cewa a shiyyar, yara 187 cikin kowane 1,000 ba sa kai shekara biyar, kuma inda ake yawan rasa yaro ba a cika ƙayyade haihuwa ba. Sakamakon shi ne kusan rabin jama'a yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Al'ummar da ke ƙaruwa da kashi 3 cikin 100 a shekara takan ninka cikin shekara 23 ko 24.

A gona ake ganin wannan lissafi ido da ido. Da can gandu ne: uba da 'ya'yansa maza suna noma babbar gona tare, rumbu ɗaya, kowa kuma da 'yar gayaunarsa. Yanzu da zarar maigida ya rasu sai a raba gado, a ja iyaka da gamba ko lalle, gonar da ta ciyar da gida guda ta koma fegi shida ko bakwai. Saura, wato gonar da ake bari ta huta, ta yi wuyar gani. Ƙasa ba ta hutawa sai dai a ciyar da ita, shi ya sa kafin damina ake ganin amalanken shanu na kai takin gida gona, ana jibge shi tsibi-tsibi. Burtali ma ya tsuke, abin da kan haɗa manomi da makiyayi faɗa.

Abin da gona ta kasa, hanya ke cikewa. Bayan an kai amfani gida, matasan Getso, Lakwaya, Garo da Gude sukan bi titin Gwarzo zuwa birnin Kano, wasu su zarce Kaduna, Abuja ko Legas ci-rani: acaɓa, dako, ga-ruwa, tireda. Wasu na dawowa da saukar ruwan farko, wasu sai dai aike. Madatsun ruwa irin su Guzuguzu da Magaga suna riƙe wasu a gida da noman rani na tumatir da albasa, amma ba kowa ke da fili a bakin ruwa ba.

Alƙaluman da hukuma ke aiki da su kuwa sun tsufa. Ƙa'idar duniya ita ce a yi ƙidaya duk shekara goma, amma ta 2006 ce ta ƙarshe a Najeriya, domin wadda Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta shirya yi a watan Mayun 2023 an ɗage ta ana saura 'yan kwanaki. Don haka azuzuwan firamare, gadajen asibiti da allurar riga-kafi da ake ware wa Gwarzo da Kabo duk a kan hasashe ake lissafa su, hasashen da aka ɗora a kan ƙidayar da jariran da ta ƙirga har wasunsu sun yi aure sun haihu.