Aikin da Ƙwaƙwalwa Ke Yi Bayan Ido Ya Rufe

A shekarar 1924, wasu malamai biyu a Jami'ar Cornell ta Amurka, John Jenkins da Karl Dallenbach, suka ba ɗalibai biyu jerin gaɓoɓin kalmomi marasa ma'ana su haddace. Wani lokaci ɗaliban su kwanta bayan haddar, wani lokaci su ci gaba da harkokinsu na yini. Da aka zo tambaya, abin da barci ya biyo bayansa ya fi zama a kai. A zaton malaman, barci ya killace ƙwaƙwalwa ne kawai daga hayaniyar da ke sa mantuwa. Sai daga baya aka gano cewa mai barci kwance yake, amma ƙwaƙwalwarsa tana tsakar aiki.

Na'urar da ta tona wannan ita ce mai auna wutar lantarkin ƙwaƙwalwa ta wayoyin da ake mannawa a fatar kai, wadda likitan Jamus Hans Berger ya fara gwadawa a kan ɗan Adam. Da ita aka ga cewa barci hawa-hawa ne, yana zagayowa kusan kowane minti 90. Akwai mai sauƙi, akwai mai nauyi inda ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke tashi tare su lafa tare a hankali, akwai kuma matakin da idanu ke motsi da sauri a ƙarƙashin fatarsu, wanda Eugene Aserinsky da Nathaniel Kleitman suka gano a Shikago a 1953, kuma a wannan mataki ne galibin fayyatattun mafarkai ke zuwa. Barci mai nauyi ya fi yawa a farkon dare, na mafarki kuwa ya fi yawa gab da asuba.

To ina karatu ya shigo? A can cikin ƙwaƙwalwa akwai wani sashe mai suna hifokamfus, shi ke karɓar sabon abu da sauri, sai dai ba a nan abin ke zaunawa dindindin ba. Kamar allon almajiri yake: ana rubuta darasin yau, a yi ta maimaitawa har ya zauna a ka, sannan a wanke don rubutun gobe. Maimaitawar nan a barci ake yin ta. A 1994 Matthew Wilson da Bruce McNaughton, a Jami'ar Arizona, suka saka wayoyi a hifokamfus ɗin ɓeraye, suka ga ƙwayoyin da suka yi aiki tare sa'ad da ɓeran ke neman abinci sun sake tashi tare bayan ya yi barci. Ta wannan tilawa ce ake ganin darasi ke ƙaura sannu a hankali zuwa ɓawon ƙwaƙwalwa, ma'ajiyar dogon zango.

Abin da ya fi burge ni shi ne aikin bai tsaya a adanawa ba. A 2004, a Jami'ar Lubek ta Jamus, Ullrich Wagner da Jan Born da abokan aikinsu suka ba mutane wani lissafi mai ɓoyayyiyar gajeriyar hanya, ba su faɗa musu tana nan ba. Cikin waɗanda suka yi barcin awa 8 kafin su koma kansa, kusan kashi 60 cikin 100 sun gano ta. Cikin waɗanda suka zauna a farke, ba su kai kashi 25 ba.

Shi ya sa nake tausaya wa ɗalibin da ke raba dare da shayi da goro gab da jarrabawa. Asararsa biyu ce: abin da ya karanta bai samu zama ba, kuma hifokamfus da bai huta ba yana wahalar karɓar sabon abu washegari. Kunna karatu a kunne a kwanta ma ba mafita ba ne, don tun 1956 Charles Simon da William Emmons suka nuna cewa wanda barci ya ɗauke da gaske ba ya tuna bayanan da aka karanta masa.

Batun alaƙar barci da basira ne ke buƙatar taka-tsantsan. A barci mai sauƙi, wani sashe da ake kira talamus yakan aika ɗan guntun kaɗawa mai sauri, sau 11 zuwa 16 a daƙiƙa, na tsawon daƙiƙa ɗaya ko biyu. A takardar na'ura yakan kumbura a tsakiya ya tsuke a gefe, don haka ake ce masa mazarin barci. Yanayin mazaran kowane mutum ba ya sauyawa sosai daga dare zuwa dare, kuma binciken tagwaye ya nuna gado na da babban hannu a ciki. Masu bincike irin su Stuart Fogel da Carlyle Smith a Kanada sun lura cewa masu mazarai masu yawa ko masu ƙarfi sukan fi samun maki a gwajin kaifin tunani.

Sai dai da aka tattara irin waɗannan bincike wuri guda, alaƙar ta fito ƙarama, ba wadda za a dubi barcin yaro da ita a yanke masa hukunci ba. Kuma tafiyar abu biyu tare ba ta nufin ɗaya ne ya haifi ɗayan. Bayanin da masana da dama suka fi karkata gare shi shi ne, kyakkyawar sadarwa tsakanin talamus da ɓawon ƙwaƙwalwa ce ke samar da mazarai masu ƙarfi da dare, ita ce kuma ke taimaka wa tunani da rana.